Rumbun da Malam Bai Buɗe Ba

Shekarun baya, wanda ya taso daga Kebbe ya nufi Tambuwal ta hanyar daji, in ya kusa Tungar Malle, ba masallaci zai fara hangowa ba, ba kuma makaranta ba. Rumbu zai hango. Rumbun ƙasa ne mai ƙaton ciki, a zaune bisa duwatsu a gangaren gari wajen gulbi, ana yi masa sabuwar jinka kowace shekara. 'Yan kabu-kabu da shi suke kwatance: in ka wuce rumbun gidan Malam, ka karya dama.

Mahaifin Malam Abdulhamidu ne ya gina shi, a zamanin da yake ɗaure dami ɗari uku a kaka ɗaya. Da tsohon ya rasu aka raba gonakinsa tsakanin 'ya'ya tara. Gida da rumbu suka faɗo wa Abdulhamidu, da wata 'yar gona mai tsakuwa a bayan maƙabarta.

Shi kuwa malamin firamare ne, shekara ashirin da shida yana shan ƙurar alli. Siririn mutum ne mai magana a hankali. Yara ba sa tsoronsa, amma ba sa son su ga ransa ya ɓaci. Noma dai bai karɓe shi ba. Lokacin noman fari yana cikin aji, ciyawa kuma ba ta jiran a kaɗa ƙararrawa. Shekarar da ya yi abin kirki ita ce ta dami ashirin.

Rumbu bai faɗa wa kowa wannan ba. A wajenmu ba a leƙa rumbun mutum. Maigida kaɗai ke jingina tsani, ya ɗaga jinka, ya shiga, ya fito da abin da zai fito da shi. In nasa ya ƙare, Malam yakan hau babur ya tafi har kasuwar Jabo, duk nisanta, ya auno gero inda ba a san fuskarsa sosai ba. Ya dawo ya sa a rumbu, kashegari ya hau tsani ya fito da shi ya ba matarsa Hinde. Hinde ta san geron da aka sussuka jiya, ta san wanda ya sha hannun 'yan kasuwa. Takan karɓa ta ce, "Allah shi ƙara albarka," ta wuce wurin turmi. Haka suka yi shekaru.

Da aka kira malamai bita a Tambuwal kan yadda za a koya wa yara shirin ambaliya da gobara, hedimasta Ɗanmaliki shi ya tura. Taubashinsa ne, tun suna yara ba su gaisa ba tare da tsiya ba.

"Kai za ka tafi, Sarkin Noma," in ji shi. "Kai ad da abin da ruwa ka ci. Mu mi ag gare mu in ba alli ba?"

Kwana uku aka yi. Wasu malaman sun dawo sun sa takardun a akwati, sun ɗora fitila bisa. Malam bai iya haka ba. Ya samo guntun itacen ƙirya ya kafa a bakin gulbi, ya shafa masa fenti kala uku, kore a ƙasa, ruwan ɗorawa a tsakiya, ja a sama. Ya koya wa yara: kore a yi barci, ɗorawa a kwashe hatsi, ja a bar kome a hau tudu. Ba a yi sati ba 'yan mata suka mai da shi waƙar gaɗa. A allon aji biyar ya zana garin gaba ɗaya, kowane gida da ɗan da'irarsa, da hanyar da mutanen gidan za su bi zuwa makaranta, don ita ce ke kan tudu. Ran Alhamis yakan busa usur, yara su watse zuwa gidajensu, su dawo a guje, kowa riƙe da hannun ƙanensa.

Tsofaffin ƙofar masallaci sun samu abin dariya.

"Malam, ruwan Allah za ka tare da usur?"

"Baffa, ba tarewa nika yi ba. Kauce mishi nika koya masu."

Shekara biyu ruwa bai wuce kore ba. Yaran ba su daina leƙa itacen ba, har a lokacin hutu. Kowace safiya sukan taru gindin darbejiyar makaranta su faɗa wa Malam inda ruwa ya kwana.

A cikin shekarun nan ne yayarsa Adawiyya ta dawo gari. Mijinta ya rasu a Fakku, ta taho da 'ya'ya mata uku, ta zauna a ɗan gida kusa da nasa. Ita ta iya noma. Gonar gadonta ita da 'ya'yanta suke yi, kuma tana ba su. Rumbu ne ba ta da shi, sai ta riƙa sa hatsinta a na mahaifinsu, kowane dami da ɗan shuɗin ƙyalle a ɗaure. In tana so ta aiko, Malam ya hau ya miƙo. 'Yarta ta tsakiya, Zulfa, tana aji biyar. A gida takan ce masa Kawu, a makaranta Malam, ba ta taɓa haɗa su ba.

A shekara ta uku, cikin watan Agusta, marka ta kama. Kwana huɗu ba a ga rana ba. Ran na biyar yara suka hauro tudu suna haki, baki ɗaya suke magana: ruwa ya taɓa ɗorawa.

Abin da Malam bai zata ba shi ne iyaye za su ji. Yaran ne suka hana su sakat. Yarinya ta tsaya kan ubanta tana kuka har ya tashi ya nemo amalanke. Kafin azahar hanyar makaranta ta cika da jakuna da babura da mutane ɗauke da dami a ka. Makaranta na hutu, ajujuwa ba kowa, aka shiga jibga hatsi, kowane gida da kusurwarsa. Malam na tsaye a ƙofa da laima yana nuna wuri. Ya ba Zulfa alli, ya ce duk gidan da ya gama ta cike da'irarsa a allo.

A ranar, abin da ke cikin babban rumbu shi ne dami goma sha ɗaya masu shuɗin ƙyalle, da dami biyu marasa ƙyalle, da rabin buhu.

Ɗanmaliki ya same shi a ƙofar aji da la'asar.

"Sarkin Noma, na bar maka aji ɗaya sukutum, na sa an share. In bai isa ba sai mu fid da teburin ofis. Amalanke biyu za ni turo maka da samari shida."

"Bari a gama da na mutane tukuna."

"Kai ba mutum ba ne? Ko tsoro kaka ji mu ga arziki mu roƙa?"

Malam ya yi dariya yadda ake yi wa taubashi. A cikinsa kuwa ya riga ya ga abin: samari shida a jere, ɗaya a ciki yana miƙowa, amalanke biyu a tsaye, rabin gari na kallo. A fito da goma sha ɗaya masu ƙyalle. A fito da biyu. Sannan na ciki ya leƙo ya ce shi ke nan.

Ya yi tunanin ya kwashe na Adawiyya shi kaɗai. Amma hanyar tudu ɗaya ce, ta tsakiyar gari ta bi. Duk wanda ya ga na yaya sun fito zai tambayi na ƙane.

Kashegari da safe Adawiyya ta shigo gidan, mayafinta a jiƙe. Ba ta zauna ba.

"Hamidu, hatsina fa?"

"Yaya, rumbun Baba bisa duwatsu shike. Tun da anka gina shi ruwa bai taɓa kai mishi ba."

"Kai kac ce ma yara ɗorawa a kwashe."

"Wannan don masu rumbun kara ne, na ƙasa-ƙasa."

Ta dube shi. Ita ta goye shi yana jariri, ba ta buƙatar tsani. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta dubi Hinde da ke tankaɗe a gefe, ta fasa. Ba a tsiraita namiji gaban matarsa.

"To," ta ce. "Kai am malam."

Ta fita.

Da ya hau makaranta ya tarar da allo ya cika da fararen da'irori. Ɗaya ce kawai ba a cike ba, can ƙasa wajen gulbi. Zulfa na tsaye da guntun alli.

"Malam, saura gida ɗaya."

"Na gani."

"In bar shi haka?"

"Bar shi. Gobe."

Goben da hantsi ruwa ya kai ja. Malam da kansa ya busa usur. Abin da aka yi shekara biyu ana yi wa dariya ya gudana kamar an zana: yara suka watsu, suka dawo da ƙanne a hannu, da tsofaffi a amalanke, da awaki. Ɗanmaliki ya ƙirga mutane gida-gida, ba a rasa ko ɗaya ba. Kafin azahar ruwa ya shiga gangaren gari, ba gudu yake ba, tafiya yake kamar mai neman wani gida.

Daga tudu ana ganin rumbun sarai. Ruwa ya rufe duwatsun, ya kama gindinsa, ya tsaya. Ranar farko ya jure. Malam ya wuni yana hidima, yana raba wuraren kwana, yana hana yara sauka, bai yarda ya dubi wajen ba sai ta gefen ido. Rana ta biyu bayan la'asar wata mata ta yi salati. Rumbun ya karkata a hankali, kamar tsoho zai zauna, sannan cikinsa ya tsage gida biyu. Jinkar ta zame ta bi ruwa tana juyawa.

"Inna lillahi! Hatsin Malam!"

Jama'a suka taso bakin tudu. Samari suka fara naɗe wando, ko za a ceci wani abu in dammuna sun taso. Aka zuba ido. 'Yan dammuna suka ɓullo, ana iya ƙirga su daga nesa, shuɗin ƙyallensu na bayyana yana nutsewa. Aka ƙara jira. Ɓangaren rumbun da bai narke ba ya tsaya a buɗe kamar fasasshiyar ƙwarya, kowa na ganin cikinsa.

Samarin suka warware naɗin wandunansu. Can wani dattijo, cikin masu dariyar usur, ya gyara murya.

"Hatsi nauyi gare shi," ya ce. "Na ƙasa duk ya nutse."

"Haka ne," aka amsa. "Ya nutse."

Daga nan aka fara zuwa yi masa jaje. Ɗaya bayan ɗaya suke durƙusawa. Malam, asara babba. Guzurin shekara uku. Ka tsaya ceton namu naka ya tafi. Allah shi mayar da alheri. Yana amsawa da amin, idonsa a ƙasa. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi. Har Ɗanmaliki ya zo ya yi jaje da ladabi, bai ce Sarkin Noma ba, ya ce Malam Abdulhamidu.

Wani ya ce ya kamata a haɗa masa ɗan abu, kowa dami ɗaya. Nan ne Malam ya yi kuskure na biyu. Bakinsa ya riga shi.

"A'a, alhamdu lillahi. Akwai wani a ajiye can wani wuri. Ni da Yaya ba mu rasa ba."

Shi ke nan ya rufe ƙofa. Mace mai ƙane a raye, malami, wanda ya ce da bakinsa yana da shi, ba mai kai mata hatsi ya tsallake shi. Yin haka cewa ne ƙarya yake. Mutanen Tungar Malle kuwa ba sa son su ce wa Malam haka, yanzu ma da 'ya'yansu ke raye ta dalilinsa.

Ruwa ya janye bayan kwana biyar, ya bar laka da wari. Gonakin fadama sun tafi, har da ta Adawiyya. Geron tudu saura wata guda da ɗoriya ya nuna. Masu gidajen gangare suka ci gaba da zama a ajujuwa kafin ɗakunansu su bushe. Malam ya samo ɗan abin da ya iya samowa, bai kai ko'ina ba tsakanin gida biyu. Kowace kusurwa ta makaranta ana daka, ana dafa tuwo daga hatsin da aka ceta. A kusurwar Adawiyya ganyen tafasa ake dafawa, da kunu mai ruwa-ruwa wanda ake ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. In maƙwabciya ta miƙo tuwo takan ce sun ƙoshi, Hamidu ya aiko. Ita ma tana rufa masa asiri.

Cikin haka aka aiko daga Kebbe cewa an ji labarin garin da bai rasa rai ba, ana son malamin ya zo ya yi wa sauran malamai bayani. Ɗanmaliki ya kawo masa takardar. Malam ya karanta ya mayar.

"Tura wani. Darasin ma ka ba wani."

"Wa za ni ba? Ni da ban iya busa usur ba?"

"Ni dai ka cire ni."

Ɗanmaliki ya ninke takardar ya sa aljihu. Ya daɗe yana kallon awaki.

"Ban cire ka," ya ce, ya tafi.

Ranar da yamma Hinde ta ajiye masa abinci a bayan aji inda suka kafa 'yar rumfa. Tuwo ne ɗan mitsitsi. Ta tsaya, abin da ba ta saba ba.

"Malam, yau ƙaramar ɗiyar Yaya ta tsaya tana kallon turmin mutane. Zulfa ta jawo ta ta make ta."

Ya dubi tuwon.

"Ni shekara ashirin ban tambaye ka ba, yau ma ba tambaya nika yi ba. Amma su ɗiyan ga ba su san kunya ba. Yunwa sunka sani."

Ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Tuwon ya huce a gabansa.

Da safe yara suka taru gindin darbejiya kamar kullum. Ruwa ya koma kore, suka faɗa. A da daga nan yakan sallame su. Ranar ya ce su zauna. Mata na shanya a igiyoyin da aka ɗaura tsakanin ajujuwa, maza na zaune bisa benci suna jiran rana ta yi ƙarfi su sauka gyaran ɗakuna. Duk suna iya jin sa, ya kuma sani.

"Ɗorawa mi aka yi?" ya tambaya.

"A kwashe hatsi!"

"Gida nawa sunka kwashe?"

"Duka, Malam," in ji wani.

Ya dubi Zulfa. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta.

"Zulfa, ke ad da alli."

"Saura ɗaya, Malam."

"Na wa?"

Ya jira ta, kamar yadda yake jiran kowane yaro.

"Naka."

"Nawa. To ku ji abin da ba a koya muna ba a Tambuwal." Muryarsa ta sauka, har na baya suka matso. "Ban kwashe ba don ba ni son a ga abin da ke ciki. Dami biyu gare ni, da rabin buhu. Ba na bana ba ne, ya daɗe haka. Goma sha ɗayan da kunka gani bisa ruwa na Yaya Adawiyya ne, ita ta noma su, ta ce in fid da su na ƙi. Kuma da nac ce akwai wani a ajiye, babu. Babu kome ko'ina."

Dakan da ake yi a bayan aji uku ya tsaya. Wata yarinya ta fara dariya, ta ga ba mai yi, ta haɗiye.

"Duk kun san hanyar tudu. Ni na zana ta. Ba rashin sani ya hana ni ba. In kun girma kun yi gidajenku, ranar za ta zo da za ku ce, in na fid da shi mi za a ce. Ku fid da shi."

Ya ce su tafi. Suka tashi a hankali, ba guje-gujen da suka saba. Mazan da ke benci kowa ya sami abin dubawa a tafin hannunsa. Malam ya bi ta gabansu ya yi sallama, suka amsa, ya sauka gangare shi kaɗai ya wuni yana kwashe laka daga ɗakin yayarsa. Bai taɓa nasa ba.

Bai hauro ba sai da rana ta yi sanyi. Ba wanda ya tare shi da jaje. Mutane na gaishe shi a gajarce, wasu na kau da kai, ba don ƙi ba. Ya san za a daɗe ana haka. Ɗanmaliki ne kawai ya ɗago daga inda yake alwala.

"Kai, malalacin manomi! Jibi za ka Kebbe. Ka faɗa masu har da wanga na yau, in ba haka ba ni za ni faɗa, kuma sai na ƙara gishiri."

A ƙofar ajin da Adawiyya take, dammuna ne a jingine da bango. Ba a haɗa su wuri ɗaya aka kawo ba, an gani daga ɗaurinsu, kowane da hannun gidan da ya fito. Akwai gero, akwai dawa, akwai wani ɗan ƙarami da bai kai dami ba, daga gidan da kowa ya san dami uku kacal suka hauro da su a ka, da rana tsaka. Malam ya daɗe yana kallon wannan.

Adawiyya na zaune a kan tabarma tana sussuka, ƙaramar 'yarta na tsince tsakuwa. Ya durƙusa daga nesa kaɗan.

"Yaya, barka da yamma."

"Barka kadai."

Ba ta ɗago ba. Ta gama zangarniyar da ke hannunta, ta ɗauki wata. Ya zauna a durƙushe har ƙafarsa ta fara sanyi.

"Hadari na haɗowa," ta ce. "In ka gama hutawa, shigar min da su ciki."

Ya tashi ya cire hularsa, ya ɗora na farko a ka.